Abin da Rariya ta Riƙe

Jatau, ɗan ƙanwata, ya dawo daga gidan kallo
yana haki kamar shi aka biyo.
"Kawu, ashe haka aikinku yake?
Mutum guda ya fasa bango da nakiya,
ya suri tukunyar zinariya,
masu gari na ihu a bayansa,
shi kuwa tuni ya hau jirgi!"

Na ce zauna, miƙo min ruwa.
Wata uku na yi a dajin bayan Kagarko,
abin da ya taɓa bi na da gudu, cinnaka ne.

Kafin mu taɓa ƙasa, kwana tara muna zarya:
takardar hukuma, gaisuwar dagaci,
sannan tsugunno gaban tsoho Maisamari, mai gonar citta.
Ya ce, "Ku haƙa. Amma can gindin ɗorawa
kakata ce kwance, kada ku tashe ta."
Muka janye igiyarmu gefe.
A fim ɗinka, wa ya tambayi jikan wani?

Dakta Rifkatu ta kafa turaku huɗu, ta ja zare.
Makamanmu: cokalin magini, burushin fenti, fensir.
Kaurin yatsa biyu a wuni, in an yi sauri.
Ni ne mai rariya.
Daga hantsi har la'asar ina tankaɗen ƙasa
kamar za a yi wa aljanu tuwo.
Tsingaro. Gawayi. Tsingaro kuma.
Kowanne da ledarsa, kowanne da lambarsa,
da zurfin da ya kwana, da maƙwabcin da ya kwana kusa da shi.

Ran wata Laraba, ƙwayar gero uku,
baƙaƙe, ƙonannu, ba su kai kan ashana ba.
Dakta ta zauna daɓas a ƙasa, ta cire tabarau.
Ta ce, "Wata ta juya baya, wuta ta ci mata hatsi,
tun ba a san sunan garin nan ba."
Duk muka yi shiru,
kamar matar za ta leƙo ta ce mu yi haƙuri, abinci ya makara.

Jarumin naka kuwa, na san shi, Jatau.
Bai zo da kiɗa ba. Da dare ya zo, da diga da buhu.
Gari ya waye, tudun gabas ya zama saƙar zuma,
rami bakin rami.
Sun ɗauke kan mutum-mutumin yumɓu,
sun bar mana hannunsa a tarwatse,
yatsu biyar riƙe da babu.
Kan yana can wata ƙasa, cikin gilashi, ana haska shi da fitila,
baki buɗe, ba magana:
kalma ce da aka tsinke daga tsakiyar zance.
Wa ya gina shi? Me aka ajiye a gefensa?
Amsar tana cikin ƙasar da suka watsar.
Akuyar Maisamari ma a ramin ta karye.

Mu da muka gama, mun mayar da ƙasa gurbinta.
Kayan na gidan tarihi a Kaduna, kowa na iya zuwa.
Dakta ta komo da hotuna, ta nuna wa 'yan firamare.
Citta ta tsiro a inda muka durƙusa.

Jatau ya yi hamma.
"Gero uku? Kawu, wannan ko kyauta ba mai kallo."

Na kwanta da haushi.

Da sassafe sai ihun uwarsa: wa ya ɗauki rariyar garinta?
Na zagaya bayan gida.
Ga shi tsugune kan juji, toka har gira,
ya kafa karare huɗu, ya ja zaren buhu,
ya tsinci marfin kwalba da rabin maɓalli,
yana lasar fensir, yana rubuta wa kowanne lamba.
Bai ɗago ba ya ce,
"Kawu, kauce. Kana taka min shekarar bara."